Kwanciya a Gefen Dama

Kwalli ne ya tona asirin. Wata Juma'a da hantsi Mma, mahaifiyata, ta zaunar da 'yata tsakanin ƙafafunta a tsakar gida tana sa mata kwalli, ni kuma ina gefe ina guga da dutsen gawayi don an ɗauke wuta tun safe. Ta gama da idon dama lafiya lau. Da ta koma na hagu ta danne fatarsa da babban yatsa, sai yarinyar ta yi dariya ta ce in aka rufe mata wannan idon sai magariba ta yi.

Na ce ta rufe mana baki, ba ta ga ana sauri ba ne. Ni dai haka Allah ya yi ni, bakina yakan riga tunanina fita, kuma duk Zangonmu na Kumasi an san ni da wannan. Amma Mma ta ajiye tandun kwallin. Ta sa tafin hannu ta rufe idon hagun sosai, ta ɗaga ludayi da ɗaya hannun ta ce a faɗi abin da ta riƙe. Yarinyar ta juya kai nan, ta juya can, ta ce ita dai wani haske-haske take gani a gefe guda, sauran kuwa kamar an saki labule. Muka tambaye ta tun yaushe, ta ce tun tuni. Me ya hana ta faɗa? Ta ce ai ɗayan yana gani. Rigar da nake gogewa ta ƙone a ranar, sai da wata mata ta leƙo daga ɗakinta ta ce wani abu na ƙauri.

Shekararta goma a lokacin. 'Yar farina ce, kuma a gidanmu 'yar fari ba ta uwarta ba ce. Ranar da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Mma, can ta girma, can akwatin kayanta yake, a gadon Mma take kwana. Ni Anti take ce mini, don haka ta tashi ta ji ƙannena suna kirana, kakarta kuwa Mma take ce mata kamar kowa. Ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. In ta yi abin yabo sai in kau da kai, in ta yi na faɗa a nan ne ake jin muryata. Ba rashin so ba ne, haka muka taras ana yi, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Ranar Litinin muka hau torotoro, motar hayar nan garin, ni da ita, zuwa babban asibitin da ke wajen Bantama. Mma ta ce ita ba ta iya warin asibiti ba, ta zauna gida da tasbaharta. Aka ɗiga wa yarinyar wani magani da ya buɗe baƙin idonta ya yi faɗi, muka zauna jira har cikina ya fara kuka. Likitar mace ce, Batoniya 'yar nan Kumasi, siririya mai magana a hankali. Ta ɗaura wata fitila a goshi ta leƙa idon dama ta daɗe, sannan ta leƙa na hagu shi ma ta daɗe. Wannan ya fi tayar mini da hankali, don ni ido ɗaya na kawo mata.

Ta yi mini bayani da Turanci, da ta ga na yi zuru ta maimaita da Tonanci, yaren mutanen gari. Duka biyun ina ji, ba a sayar da ni a kasuwa da ko ɗaya, amma ranar kalmomin shiga suke ta wannan kunne suna fita ta wancan. Abin da na riƙe shi ne, a can bayan ido daga ciki akwai wani siririn tantani a shimfiɗe, shi ke ɗaukar hoton duk abin da mutum ya kalla. Na 'yata ya yage ta gefen da ke wajen kunne, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, yadda ledar ɗaki take kumbura in ruwa ya bi ta ƙasanta. Kuma ya daɗe a haka. Ta ce yara ba sa faɗa, ɗaya idon yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa sai abu ya yi nisa ake kawo su.

Sai ta shiga tambaya. An haife ta kafin lokaci? Na ce bakwaini ce, har a kwalba ta kwanta. Tabaraun nan mai kauri fa, tun yaushe? Tun tana aji ɗaya, ba ta hango allo. Wani abu ya taɓa bugun idon? Na tuna da ƙwallon da yaran lungu suka doka a daminar da ta wuce, ya fasa mata tabarau, idon ya yi ja, Mma ta gasa shi da ruwan ɗumi, ya washe muka manta. A dangi akwai wanda ya makance da ƙuruciya? Akwai wani kawun mijina can arewa, amma ba wanda ya taɓa cewa ga abin da ya same shi. Duk abin da ta tambaya amsata i ce, har na fara jin kamar laifi nake amsawa a gaban alƙali. Na ce to wanne ne a ciki? Ta ce zai iya zama kowanne, zai kuma iya zama taruwa suka yi.

Idon hagun ma, in ji ta, tantaninsa ya sirance a wasu wurare, za su bi gefen wuraren da wani haske mai zafi don ya kama, kada ya bi sahun ɗan'uwansa. Na daman kuwa sai an yi aiki, kuma da wuri, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. In ya tafi, yarinyar za ta ƙarasa rayuwarta da ido ɗaya, shi ma mai rauni. A hanyar komawa gida na rufe idona na dama da gefen mayafi don in ji yadda abin yake. Ban yi nisa ba na yi karo da tiren wata mai sayar da lemo, ta zage ni da Tonanci, ban ko rama ba.

A gida kowa ya zaɓi dalilin da ya fi masa daɗi. Mijina yana arewa wajen sayen shanu, ta waya ya yanke hukunci cewa ƙwallo ne, a nemo masa yaran da iyayensu kafin ya iso. Ƙanwarsa ta zo daga Asokore Mampong da ayaba a leda, ta zauna ta ce ai bakwaini dama ba ya gama nuna, tana faɗa tana kallon cikina. Ni kuma na tuna mata da kawunsu, ta tashi ta bar ruwan da aka kawo mata bai ko motsa ba. Mma ba ta yarda da ko ɗaya ba. Ta ce baki ne, yarinya mai dara-daran idanu kowa ya wuce sai ya tanka ba masha Allah, ruwa ba ya tsami banza. Ni kaina da safe in yarda da wannan, da yamma in koma wancan. Har waya na ɗora wa laifi, na ƙwace ta na kulle a akwati, daga baya likitar ta ce ba ruwan waya.

Masu magani ma ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Wannan ta ce a ɗiga zuma, waccan ta ce nonon mai jego, wani tsoho ya aiko da kwallin da ya ce daga Makka aka kawo masa. A nan kam sai in yaba wa Mma. Ta ji likita ta ce kada a sa komai a idon, ta tattara duk abin da aka kawo ta yi godiya ta zuba a tsohuwar kwalla ta rufe. Tandun kwallinta ma ta ɓoye shi. Rubutun da aka kawo daga makarantar allo ta ce a sha, amma ban da shafawa a ido. Na ce a raina, tsohuwar nan ta fi ni natsuwa.

Ni tela ce, ina da ɗan shago na kwantena a bakin titi, don haka da aka ce za a ɗinke ido na ɗauka na gane. Ashe ban gane ba. Za su huda ƙananan ƙofofi a farin idon, su zuƙe wani ruwa mai kauri da ke cikinsa, su kwantar da tantanin, su liƙe bakin yagewar da haske, sannan su cika idon da wani mai na musamman da zai danne shi har ya kama. Ɗinki ba zare ba allura. Mai a cikin ido, ni da na san ko ɗigon man gyaɗa ya fantsamar wa mutum sai ya yi hawaye. Na ce to, na ƙara cewa to, don ban san abin da ake faɗa bayan to ba.

Mijina ya iso ranar aikin, ko wanka bai tsaya yi ba. Muka zauna a benci ɗaya, shi yana juya hularsa, ni ina kallon ƙofa. Duk wanda ya fito da koren kaya sai in miƙe, har wata nas ta ce mini in ban zauna ba za ta ba ni gado ni ma. Da aka fito da yarinyar rabin fuskarta a filasta yake, tana amai saboda maganin barci. Likitar ta ce tantanin ya kwanta. Sai ta ce rabin aikin suka yi, sauran rabin namu ne.

Ta tambaye ni ko ina girki. Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ta ce in an zuba manja a ruwa, ina yake tsayawa? Na ce sama. Ta ce to haka man da ke cikin idon yake, kullum sama yake nema, don haka sai mun ajiye yarinyar yadda wurin da ya yage zai zama shi ne a sama. Wato yarinyar ta kifa fuska ƙasa, a zaune ko a kwance rub da ciki. In ta gaji ta kwanta a gefen hagu. Ban da rigingine, ban da gefen dama, don a nan man zai tashi daga inda ake buƙatarsa ya bar wurin ba madanni. Wannan kam na gane shi sarai. Shi ne abu na farko da na gane tun da aka fara, har na ji wani ɗan alfahari.

Da muka dawo gida na nufi ɗakina da ita. Mma ta tsaya a ƙofarta, ba ta ɗaga murya ba.

"Tun da aka yaye ta ba ta taɓa kwana wani ɗaki ba. Yau da ciwo ya zo ne za a ce ban iya ba?"

Matan gidan duk suka zuba mini ido suna jiran amsata. Uwa ta ƙwace 'yar fari daga hannun kaka a gaban jama'a, wannan labari ne da za a shekara ana bayarwa a gidan suna da gidan biki. Kuma gaskiya ce, Mma ta fi ni iya jinya nesa ba kusa ba, ita ce ta raini yarinyar tun tana kamar ɗan tsako. Na zauna na yi mata bayanin manja da ruwa. Ta saurara tana gyaɗa kai, har ta maimaita wa maƙwabta daidai ba kuskure. Na sakar mata yarinyar.

Na je Anloga wajen masu katako na sa wani kafinta ya yi mini ɗan benci mai rami a tsakiya, ya yi ta tambayata ko na wankin kai ne. Muka naɗe bakin ramin da tsumma mai laushi. A nan 'yata take wuni, goshi a kan katako, kwanon tuwo a ƙasa, rediyo a gefe. Wuyanta ya yi ciwo, fuskarta ta kumbura, ta yi kuka har ta gaji ta daina. Wata rana ta ce mini ta haddace duk tsagar da ke simintin ɗakin, in ana jarrabawa a kai ita ce za ta zo ta ɗaya.

Ni kuwa na ɗauka 'yan dubiya ne abokan gabata. A Zango ba a ciwo a ɓoye, kuma wanda bai je dubiya ba an riƙe shi ke nan har ranar jana'izarsa. Duk tsohuwar da ta shigo, abu na farko da hannunta yake nema shi ne haɓar yarinyar, ta ɗago ta ta ga fuska ta tofa addu'a. Wata maƙwabciyarmu 'yar Dagombawa, mai sayar da wake da shinkafar nan da muke kira wakye, ta riga ni isa wurinta, tana mata sannu da Tonanci.

"Kafra, kafra. Yarinya nan ya sha wahala paa. Bari in ga ido."

Na buge mata hannu a gaban mutane, macen da ta girme ni nesa. Har yau in na je sayen wakye ƙanzo take zuba mini. Daga ranar na ɗauki kujera na kafa a bakin ƙofa, kowa ya zo sai ya sha bayanin manja kafin ya shiga, kuma hannunsa a bayansa.

Bayan kwanaki na koma shago rabin wuni, don kayan amaren mutane suna jibge, ranar biki kuwa ba ta jiran idon kowa. Wata rana aka ɗauke wuta da azahar, na kulle na dawo da wuri. Gidan tsit, rana ta kori kowa ɗaki. Na ɗaga labulen Mma. Bencin yana jingine da bango. 'Yata tana barci a kan gado a gefenta na dama, tafin hannu a ƙarƙashin kunci, idon da aka yi wa aiki yana wajen matashi, Mma na zaune tana mata fifita.

Ban tuna ko na cire takalmi ba. Na juya yarinyar da ƙarfin da ya tashe ta a firgice. Na tambayi Mma tun yaushe ake haka.

"In idonta biyu ina barin ta yadda dokta ta ce," in ji Mma. "Amma barci ƙanin mutuwa ne. In Allah ya karɓi ranta cikin barci fa? Ta tafi a kife, kwanciyar 'yan wuta? Ko a hagu? Ba a ɗakina ba kraa, ko kusa."

Duk wanda ya tashi a ɗakin Mma ya san hannun nan. Yaro ya kife cikin barci, hannu zai zo da bisimilla ya mayar da shi dama ba tare da ya farka ba. Ni ma da shi na girma, har yau ban iya barci rub da ciki ba. A wurinta likita tana da iko da mai ido biyu, barci kuwa ba hurumin likita ba ne, kuma ba ta ɗauka ta saɓa wa kowa ba. Tun ranar da muka dawo daga asibiti take juya ta, barcin rana da na dare.

Bakina ya yi abin da ya saba, har matan gidan suka fito. Na ce likita ta ce, Mma ta ce Annabi ya fi likita. Ni ma ban ce bai fi ba. Na tsaya a tsakar ɗakin, ga tsoro ga fushi, kuma na rasa wanda zan yi fushin da shi, tunda matar da ke gabana lahirar jikarta take karewa da hannun da ni nake ganin yana kashe mata ido. Yarinyar kuwa ta koma ta kifa kanta a ramin benci da kanta, tana cewa mu yi haƙuri, kamar ita ce ta yi laifin.

Mijina ya ɗauko limamin masallacin unguwa bayan la'asar. Ya zauna a tabarma ya ce wa Mma larura tana da hukuncinta, mara lafiya ma a zaune yake salla ko a kwance, kuma ba a kama mai jinya da yadda ya kwanta don neman lafiya ba. Mma ta saurara kanta a ƙasa. Da ya tafi ta ce me ya sa ba a kawo shi tun farko ba. Ai ba wanda ya san akwai tambayar da za a kai masa.

Ranar komawa asibiti Mma ta yafa mayafi ta biyo mu, ita da ba ta iya warin asibiti ba. Likitar ta leƙa idon ta daɗe. Tantanin ya sake tashi. Mma ba ta jin Turanci, Tonancinta ma na ciniki ne, sai ta dafa gwiwata ta ce in tambaya mata ko ita ce. Na tambaya. Likitar ta ce kwanciyar ba ta taimaka ba, amma idon yara yakan yi tabo daga ciki, tabon ya ja tantanin ya ɗage ko da an bi doka sau da ƙafa, balle wanda ya daɗe a tashe kafin a kawo shi. Ba za ta iya cewa ga abin da ya jawo ba.

"Mi ta ce?"

A cikina akwai wadda take so ta ce ke ce, akwai wadda take so ta ce ba ke ba ce. Na ce, "Ta ce ba ta sani ba, Mma."

"Dokta guda?"

Na ce ƙwarai. Ta saki gwiwata ta gyara mayafi. Ina jin da na ce ita ce, da ta fi samun abin riƙewa, don ta san yadda ake tuba, amma ba ta san yadda ake yi da ba a sani ba.

Aka sake aiki. Wannan karon suka ɗaura wa idon wata siririyar ɗamara daga waje, suka kankare tabon, suka sake zuba mai. Da muka dawo, kafin in buɗe baki na tarar Mma ta riga ta kai matashin yarinyar da akwatin kayanta ɗakina. Ta ce mata, "Je ki wajen uwarki." Ban taɓa jin ta kira ni haka ba. Yarinyar ta yi kuka kamar sabon yaye. Mma ba ta ƙara taka ɗakina ba, sai dai da safe in tarar da koko da ƙosai a rufe a bakin ƙofa, ita kuma ta koma ta saki labulenta.

Na rufe shago gaba ɗaya na zauna a kan yarinyar, amare suka kwashe kayansu suka kai wa wasu. Sai ga abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Da barci ya ɗauke ta, ba mai taɓa ta, sai jikinta ya mirgina dama da kansa, hannu ya shige ƙarƙashin kunci. In juya ta, in ɗan kau da ido, ta koma. Na tokare ta da matasai, na ɗaure zani daga ƙugunta zuwa ƙafar gado. Shekara da shekaru na hannun Mma suna cikin jikinta. To da a ɗakina ta kwana tun farko, da me zai faru? Da zan iya hana ido rufewa dare da rana? Na so in je in faɗa wa Mma wannan, na kuma fasa, don ban san ko sauƙi zai zame mata ko ƙarin nauyi ba. Da ƙyar jikin ya saba da kifewa.

Makonni suka wuce muna zuwa muna dawowa. A ƙarshe likitar ta cire fitilarta ta ajiye, ta ce tantanin ya kwanta, amma sau biyu yana tashi kuma ya daɗe a tashe, ya riga ya gaji. Idon zai bambanta rana da duhu, ba ta jin zai wuce nan. Na hagu yana nan, shi za mu tsare, ban da kusa da masu ƙwallo, a riƙa kawo ta ana dubawa. Ba sauran dokar kwanciya, ta kwanta yadda ta ga dama. 'Yata ta fi ni jin Turanci, ba sai na fassara mata ba. Ba ta yi kuka ba. A cikin torotoro ta tambaye ni ko yanzu za ta iya komawa ɗakin Mma. Ni ce na yi kukan, a gaban yaron mota da fasinjoji.

Ta koma a ranar. Washegari bayan azahar na shiga kai mata maganin ɗigawa, na tarar ta yi barci a gadon Mma rub da ciki, fuska a nutse cikin matashi, don yanzu abin da jikin ya koya ke nan. Mma na zaune a bakin gado. Na ga hannunta ya miƙa har ya kusa taɓa kafaɗar yarinyar, ya tsaya, ya koma. Ta cusa shi ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai.

Na ce, "Juya ta mana, Mma. Yanzu ba komai."

Ba ta kalle ni ba.

"Na sani," ta ce. "Hannun ne ya ƙi."